Tambayoyi da amsoshi kan rawar bale: koyonta, wahalarta da yadda ake cin abinci da ita

Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da yara motsa jiki da wasan dandamali a wata makarantar kuɗi nan Samaru, to duk ƙarshen shekara in an yi bikin yaye ɗalibai aka ga 'yan nazire sun fito da siket ɗin nan mai baza-baza suna ɗaga hannu sama, sai tambayoyi su yi ta shigowa, wasu a bakin get wasu a WhatsApp har dare. Shi ne na ce bari in tattara waɗanda aka fi yi in amsa wuri ɗaya. Ina son rawar nan ƙwarai, shi ya sa ma ba zan yi wa kowa kwaskwarima ba, bale sana'a ce mai cin jiki da cin shekaru, duk uwar da za ta saka ɗanta ya kamata ta shiga da idonta a buɗe.

Anti wai mece ce ma bale ɗin nan, daga ina ta fito?

Rawar fada ce asalinta. A gidajen sarautar Italiya ta fara wajen ƙarni na 15, daga nan ta tsallaka Faransa, kuma a can ne ta zama ilimi mai ƙa'ida. Sarkin Faransa Louis na 14 shi da kansa ɗan rawa ne, a 1661 ya kafa makarantar rawa ta masarauta a Faris, malaminsa Pierre Beauchamp shi ake danganta wa tsara tsayuwar ƙafa guda biyar ɗin nan da har gobe duk ɗan koyo da su yake farawa. Shi ya sa sunayen motsin duk da Faransanci suke, ko a Mosko kake ko a Legas kalma ɗaya malami zai faɗa. Daga baya Rashawa suka karɓa suka kai ta wani mataki, makarantar St. Petersburg tun 1738 take, ita ce yau ake kira Vaganova.

Ba a magana a cikinta kuma ba a waƙa, jiki ne kawai da kiɗa ke ba da labari.

Malama to abin da yaranmu ke yi ranar fati ba shi ba ne?

Hajiya ku yi haƙuri, ba shi ba ne. Wancan wasa ne na ƙayatarwa, ana haɗa shi cikin sati biyu ko uku kafin biki, kuma ba laifi ba ne, yara na jin daɗi suna koyon tsayawa gaban jama'a ba kunya. Amma koyon bale na gaske abu ne na kullum-kullum na wajen shekara takwas zuwa goma kafin a ce mutum ya isa a ɗauke shi aiki. Siket da takalmi ruwan hoda ba su ne bale ba, a ajin ƙwararru ma da wuya ki ga wannan siket ɗin, sai ranar wasa.

'Yata shekararta 4, in fara saka ta yanzu?

Ki bar ta ta yi tsalle-tsallenta, ta bi kiɗa, ta yi tafi, ta koyi dama da hagu, wannan shi ne darasin ɗan shekara 4 ko a Turai. Horo na sosai sai wajen shekara 8, manyan makarantu kuma daga 10 ko 11 suke ɗauka. Vaganova na ɗaukar yaro yana ɗan shekara 10 ya yi shekara 8 a ciki. Royal Ballet School ta Landan, wadda Ninette de Valois ta kafa a 1926, ƙaramin sashenta na White Lodge ya daɗe yana ɗaukar 'yan 11 zuwa 16, sai babban sashe daga 16 zuwa 19. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma fa akwai ɗanyen da in ka matsa masa karyewa zai yi. Na ga masu danne bayan 'yar shekara 5 wai sai cinyoyinta sun taɓa ƙasa yarinya na kuka, don Allah in kin ga ana yi wa taki haka ki ɗauke ta.

Ni kuma shekarata 16 Anti, na makara ke nan?

Ƙanwata zan gaya miki gaskiya, in burin shi ne ki zama ƙwararriya a babban kamfanin rawa, ga mace 16 ta yi nisa sosai, saboda sa'anninki a can sun riga sun yi shekara shida ko bakwai suna yi kullum, wasunsu ma sun fara neman aiki. Ana yawan kawo misalin Misty Copeland ta Amurka da ta fara tana 13, to ai ita ma ana faɗarta ne saboda abin mamaki ne. Maza sun fi samun sassauci don ba su da yawa kuma ba sa hawa kan yatsu. Rudolf Nureyev, shahararren ɗan rawar Rasha, sai da ya kai 17 ya shiga makarantar Vaganova ɗin nan a 1955, amma shi ma tun yana yaro yake rawar gargajiya a garin Ufa kuma ya ɗan taɓa bale a can, ba daga barci ya tashi ba.

Amma in don lafiyar jiki ne da son abin, ko don ki haɗa da wata rawa, ko ki koyar wata rana, ba ki makara ba ko kaɗan. Akwai masu farawa da shekara 40.

Yaya darasin yake ne, me ake yi a ciki?

Wajen awa ɗaya da rabi ne, kuma tsarinsa ɗaya ne ko ina. Ana farawa a jikin sanda, wani dogon katako ne ko ƙarfe da aka kafa a bango daidai ƙugu, gabanka madubi. Ka dafa da hannu ɗaya, ba riƙo ba dafawa kawai, dunduniyoyi a haɗe yatsu na kallon waje, ka lanƙwasa gwiwa a hankali ka miƙe, bayanka a tsaye kamar an ja ka da zare ta tsakar ka. Sai ka zura ƙafa ɗaya gaba tana shafar ƙasa har sai kan yatsa kaɗai ya rage, ka dawo da ita, gefe, baya, gefe, ka juya ka yi da ɗaya ƙafar. Mai kallo daga taga zai ce ai ba komai suke yi ba, amma kafin minti ashirin riga ta jiƙe sharkaf cinya na rawa da kanta, malama kuma na zagayawa tana taɓa kafaɗar wannan ta sauke, ta tura ƙugun wancan, ta ce wa waccan cikinki a ciki. Bayan sanda sai a fito tsakiyar ɗaki ba abin dafawa, a yi motsi na a hankali, a yi juyi, sannan ƙananan tsalle, a rufe da manyan tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Abin da ke burge ni shi ne babbar tauraruwa mai shekara 38 ita ma da wannan lanƙwasa gwiwar take fara safiyarta, daidai da 'yar shekara 10, kwana shida a sati. Ba a gama shi.

Wani abu da ya kamata iyaye su sani shi ne juya ƙafa waje ɗin nan daga ƙugu yake fitowa, daga mahaɗar cinya, ba daga tafin ƙafa ba. Yaro in yana so ya burge sai ya murɗe tafin ƙafarsa waje alhali gwiwa na kallon gaba, ki duba za ki ga cikin tafin ya kwanta ƙasa babban yatsa ya danne, to wannan shi ke kashe gwiwa. Gwiwa dole ta bi saitin yatsu. Malamin da bai gyara wannan ba bai san aikin ba.

Takalmin nan da suke tsayawa kan yatsu fa, katako ne a ciki? Zan iya yi wa 'yata oda?

Ba katako ba ne kuma ba ƙarfe ba ne. Bakin takalmin yadi ne da takarda da gam aka jera hawa-hawa aka busar har ya yi tauri, ƙasansa akwai wani tauri na fata ko kwali mai tallafe tafin ƙafa, aka lulluɓe da yadi mai sheƙi. Ba shi da dama ba shi da hagu, kuma sabo ba ya sawuwa haka nan. 'Yar rawa za ta zauna a ƙasa da allura da zare ta ɗinka kintinkiri da roba da hannunta, ta buga bakin a jikin siminti don ya rage ƙara a dandamali, wata ta matse shi a ƙofa, wata ta yanke rabin taurin ƙasan, ta kankare tafin da wuƙa kar ya yi santsi, ta naɗe yatsunta da filasta ta cusa ɗan ulu ko roba mai laushi, sannan kafin ta fita ta taka garin ƙaro. Duk wannan hidimar kuma zufa na jiƙa gam ɗin takalmin ya mutu, a wajen manyan 'yan rawa wani lokacin wasa ɗaya ne ya gama aiki, ga shi ƙafa ɗaya ta kai wajen dala 100. Manyan kamfanoni su ke saya wa ma'aikatansu, dubban ƙafa a shekara, amma ɗaliba iyayenta ne.

Marie Taglioni ita ta shahara da wannan tsayuwar a Faris a 1832, tun daga nan ta zama alamar 'yar bale.

Batun oda kuwa, Hajiya don girman Allah kar ku yi. Ba a hawa kan yatsu sai wajen shekara 11 ko 12, bayan an yi shekaru ana horo sau da yawa a sati, kuma malama ce za ta duba ƙarfin idon sawu da ƙugu ta ce an isa. Ƙashin ƙafar yaro bai gama ƙosawa ba, in aka ɗora masa nauyin jiki duka kan yatsu zai iya lalacewa har abada. Sannan takalmin sai an gwada a ƙafa, ba a saya da lamba kamar silifas. Na ƴan koyo daban ne, mai laushi na yadi ko fata, shi ba shi da matsala.

A ina ake koyo har a ƙware, kuma yaya ake shiga?

Sanannun su ne makarantar gidan Opera na Faris, wato babban gidan wasan waƙa da rawa na birnin, wadda ta fi kowacce daɗewa, tun 1713, sai Vaganova da ta Bolshoi a Rasha, Royal Ballet School a Ingila, School of American Ballet da George Balanchine da Lincoln Kirstein suka buɗe a New York a 1934, sai makarantar ƙasa ta Kyuba a Havana wadda ta fitar da maza gwanaye da yawa. Yawancinsu na kwana ne, ana boko rabin yini rawa rabin yini. Shiga da gwaji ne, kuma ba iya rawa kaɗai suke dubawa ba, za a auna tsawon ƙafa da na gangar jiki, a duba lanƙwasar tafin ƙafa, buɗewar ƙugu, jin kiɗa, likita ya duba ƙashin baya. Dubbai ke nema a ɗauki 'yan kaɗan, kuma shiga ba ita ce gamawa ba, ana tankaɗe a hanya, yarinya za ta yi shekara uku jikinta ya canza da balaga a ce ta tafi gida. Wannan ɓangaren yana min ciwo sosai don ba laifinta ba ne.

Ga wanda ke nesa, ƙofa biyu aka fi bi. Akwai kwas na lokacin hutun bazara da makarantun ke yi, ana nema da bidiyo, in ka burge su su riƙe ka. Akwai kuma gasa, kamar Prix de Lausanne a Suwizalan da aka fara a 1973 ta 'yan shekara 15 zuwa 18, da Youth America Grand Prix da aka fara a 1999, inda daraktocin makarantu ke zuwa su zauna suna kallo, kyautar da ta fi kuɗi daraja a wurin ita ce gurbin karatu kyauta. Akwai kuma jarrabawar mataki-mataki ta Royal Academy of Dance, ƙungiya ce tun 1920 mai manhajar da ake bi a ƙasashe da dama, in malami ya ce yana da shaidarta wannan abin dubawa ne.

Malama ɗana namiji ne yake so, babansa ya ce aikin 'yan daudu ne.

Maman yaro ki gaishe da Alhaji, ki ce masa ya nemi bidiyon Carlos Acosta ya kalla ko na minti biyu ne. Ɗan direban babbar mota ne a Havana, auta cikin 'ya'ya 11, yana yawon rawar titi uban ya kai shi makarantar bale don ya raba shi da shashanci, ya ci Prix de Lausanne a 1990, ya yi shekara 17 a Royal Ballet, tun 2020 kuma shi ke shugabantar Birmingham Royal Ballet. Aikin namiji a bale tsalle ne da juyi a iska da ɗaga mutum, ka ɗauka buhun shinkafa mai kilo 50 ne za ka ɗaga sama da kanka da miƙaƙƙen hannu ka yi tafiya da shi ka sauke ba ƙara, fuskarka kuma kar ta nuna komai. Suna shiga ɗakin ɗaga ƙarfe kamar 'yan ƙwallo. Tsokana kam zai sha a unguwa, wannan ba makawa, ko a Turai yara maza na shan ta, sai a shirya masa zuciya tun yanzu.

To addini fa, da tarbiyyarmu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi a garinmu kuma ba zan kewaye ta ba. Hukunci na malamai ne, ku je gare su, nawa shi ne in faɗa muku yadda sana'ar take don ku kai musu tambaya cikakkiya. A matakin ƙwararru kayan aiki matsattsu ne masu bin jiki, saboda malami na son ganin kowace tsoka da gaɓa. Ana yi da kiɗa. Kuma daga wajen shekara 14 zuwa sama ana haɗa mace da namiji, ya riƙe ƙugunta ya juya ta ya ɗaga ta, a gaban jama'a. Babu babban kamfanin da za ki yi aiki a ciki ki ce ban da wannan. Duk wanda ya ce miki ba haka ba ne yana son kuɗin rajistarki ne.

A ɗaya gefen, ajin mata zalla da malama mace, da dogon wando da riga mai sakin jiki, a matsayin motsa jiki, abu ne mai yiwuwa kuma yana gyara tsayuwa da ƙarfin baya. Akwai Stephanie Kurlow 'yar Ostireliya da ta yi suna a 2016 saboda tana koyon bale da hijabinta. Masar kuma na da kamfanin bale a gidan Opera na Alƙahira da babbar cibiyar koyarwa tun shekarun baya. Kowane gida dai ya san inda ya ja layinsa, abin da nake roƙo shi ne a yi maganar tun yarinya na ƙarama, kar a bari ta zuba shekara shida da ranta a ciki sannan rana ɗaya a ce ke daina.

Gaskiya ne ba sa son baƙar fata?

An daɗe ana nuna bambanci, har da cewa wai baƙa za ta ɓata layi in an jera 'yan rawa farare. Arthur Mitchell ya shiga New York City Ballet a 1955, a 1969 ya kafa Dance Theatre of Harlem don yaran baƙaƙe su samu wuri. Sai 2015 kafin American Ballet Theatre ta ɗaga baƙar mace ta farko zuwa matakin ƙoli, Misty Copeland ke nan, kamfanin na da shekara 75 a lokacin. A Faris sai 2023 aka naɗa Guillaume Diop, wanda mahaifinsa ɗan Senegal ne, a matsayin tauraro baƙi na farko. Michaela DePrince daga gidan marayu a Saliyo ta fito lokacin yaƙi, ta kai har kamfanin ƙasa na Holan da Boston Ballet, ta rasu a 2024 tana da shekara 29.

Ko takalmin ma, an yi shi ruwan hoda ne don ya saje da fatar Bature, baƙaƙen 'yan rawa sun yi shekaru suna zama da soso suna shafa wa kowane sabon takalmi hodar kwalliya ruwan ƙasa, a Ingila sai 2018 kamfanin yin takalma na Freed of London tare da kamfanin rawa na Ballet Black suka fitar da masu launin fatarmu. Ana samun sauyi, a hankali.

Akwai ɗan Najeriya da ya kai? Daga Zariya ta ina za a bi?

Akwai Anthony Madu, yaron da bidiyonsa ya zagaya duniya a 2020 yana juyi ba takalmi cikin ruwan sama a kan siminti a Legas, yana ɗan shekara 11. A Leap of Dance Academy ya koya, wadda Daniel Ajala ya buɗe a 2017 a unguwar Ajangbadi yana koyar da yara kyauta, daga baya yaron ya samu gurbi a Elmhurst Ballet School da ke Birmingham. A Legas ɗin kuma akwai SPAN, cibiyar koyar da rawa da wasan dandamali da Sarah Boulos ta kafa.

Nan gida kuwa mu faɗi gaskiya, ana iya farawa a Zariya amma ba a iya gamawa a nan. Ba mu da makaranta mai horo na kullum har zuwa ƙwarewa, hanya sai ta bi ta Abuja ko Legas sannan waje. Abin da muke da shi kuma ba ƙarami ba ne, sashen wasan kwaikwayo na ABU da dandalinsa na ginin ƙasa da ake kira Drama Village sun daɗe suna horar da masu rawa da wasan dandamali, Peter Badejo ma da ya je Ingila ya kafa kamfanin rawarsa ya yi aiki a nan. Yaron da ya tashi da rawar Koroso ko takai yana da jin kiɗa da ƙarfin ƙafa da numfashi, kuma kamfanonin rawar zamani na neman mai haɗa horon bale da abin gidansu. Ni a ganina wannan ƙofar ta fi faɗi ga yaranmu nesa ba kusa ba.

Zan iya koya a YouTube a ɗakina?

Za ki iya sanin sunayen motsi da tsarin aji, Daniel Ajala ma ta intanet ya koya wa kansa da farko. Matsalar ita ce waya ba ta ganinki, za ki yi wata shida kina maimaita kuskure har ya zauna a jiki, cire shi kuma ya fi koyon sabo wuya. In ba malami kusa, ki dafa bayan kujera ki tsaya kan aikin sanda, ki ɗauki kanki bidiyo ki kwatanta, in da hali ki samu darasi kai tsaye ta bidiyo inda za a gyara miki. Kar ki yi ta tsalle kan tayil ko siminti, ɗakin rawa na gaske daɓen katako ne mai ɗan motsawa da ke shanye nauyi, siminti kuwa ƙwauri da gwiwa ne ke biya. Lokacin hunturu kuma, kin san sanyin Samaru da asuba, kar ki ja jijiya sai jiki ya ɗumama tukuna.

In an gama makaranta sai me? Ana samun kuɗi?

Wajen shekara 18 ko 19 ake fita neman aiki, a tura bidiyo da hotuna, a yi ta yawon gwaji gari-gari, ɗaki ɗaya mutum ɗari da lamba manne a ƙirji, ana cikin aji darakta na sallamar mutane, ƙarshe a ɗauki biyu ko ma ba ko ɗaya. Wanda ya dace zai fara da ɗan koyon aiki, sai ya shiga sahun taro, su ne masu fitowa su 24 ko 32 suna motsi kamar mutum ɗaya, kuma su suka fi kowa yawan fitowa dandamali. Sama da su masu fitowa su kaɗai a ƙananan rawa, can ƙoli kuma manyan taurari masu jan wasa. A Faris matakan biyar ne, kuma na ƙolin naɗa shi ake yi a kan dandamali gaban 'yan kallo bayan an gama wasa. Yawancin 'yan rawa a sahun taro suke gama rayuwar aikinsu, kuma wannan ba faɗuwa ba ce, ba su ba wasa.

Yinin aiki aji ne da safe, atisaye har yamma, in da wasa a fito wajen ƙarfe goma na dare, gobe a sake. Kuɗi kuwa kar a ruɗe ku, 'yan taurari ƙalilan ne ke samun na kirki. A Jamus da Faransa da Rasha inda gwamnati ke riƙe da gidajen wasa akwai albashin shekara, a Amurka kuwa kamfanoni da yawa kwantiragin wasu makonni ne a shekara, sauran lokacin ka nemi koyarwa ko wani aiki. Kuma yawanci shekara-shekara ake sabuntawa. A Najeriya wanda ya iya bale da koyarwa yake ci, makarantun kuɗi da darasin gida da bukukuwa.

Rauni fa? Na ji wai ba sa cin abinci.

Rauni abokin tafiya ne, targaɗen idon sawu, tsagewar ƙananan ƙasusuwan tafin ƙafa saboda yawan dira, ciwon agara, ƙugu, bayan maza saboda ɗagawa, ban da kanta da faɗuwar farce da ba a ma lissafa su. Manyan kamfanoni na da likitocin gashin ƙashi a cikin gida.

Maganar abinci gaskiya ce kuma ita ce mummunar fuskar sana'ar. An daɗe ana matsa wa 'yan mata su rame, wasu su shiga cutar ƙin cin abinci, al'adarsu ta wata ta ɗauke, ƙashi ya yi rauni ya riƙa tsagewa. Mai aikin awa shida da jikinsa dole ya ci ya ƙoshi, wake, ƙwai, kifi, nono, gyaɗa, ganye, tuwonsa ma ya ci. Duk malamin da ya ce wa 'yarki mai shekara 12 ta rage ƙiba a gaban aji, ki je ki same shi. In yarinya ta fara ɓoye abinci ko al'adarta ta tsaya watanni, asibiti za a je ba jira. Mai sikila ko asma ma a fara ganin likita kafin a shiga horo mai tsanani, da azumi kuma a sassauta a mayar da mai nauyin bayan shan ruwa.

Shekara nawa ake yi ana aikin?

Gajere ne. Yawanci tsakanin 35 da 40 ake sauka, wasu rauni ya sauke su tun kafin 30. A gidan Opera na Faris 42 ne shekarun ritaya kuma suna da fansho na musamman, shi ne ma a Disambar 2019 da gwamnati ta so taɓa shi 'yan rawan suka shiga yajin aiki suka fito suka yi rawa a bakin ginin cikin sanyi. Bayan sauka wasu su koyar, wasu su koma tsara rawa, wasu su zama masu horar da kamfani, wasu su koyi rubuta rawa a takarda da alamomi irin tsarin Benesh, wasu su koma jami'a su karanta gashin ƙashi ko wani fanni daban. Mutum na da shekara 37 ya fara sabuwar rayuwa da gwiwa mai ciwo, shi ya sa duk ɗalibina da ya ce min zai bar boko saboda rawa nake ce masa sai dai ya bar ajina. A yi WAEC, a riƙe Islamiyya, a koyi Turanci sosai, in da hali a taɓa Faransanci.

Wani ya ce in biya shi zai samo wa ɗana gurbi da biza, in ba shi?

Kar ku ba shi ko sisi, Alhaji. Makarantun nan kai tsaye ake nema a shafinsu, kuɗin fom ɗinsu a rubuce yake a fili, kuma ba mai ba da gurbi sai ya ga rawar yaron da idonsa ko a bidiyo. In da gaske ne za su turo wasiƙa da sunan makarantar, ku ɗauki adireshin imel daga shafinsu ku tambaye su da kanku ko sun san da maganar. Ku tambaya kuma tallafin me ya ƙunsa, don wani kuɗin makaranta kaɗai yake biya, masauki da abinci da jirgi da inshorar lafiya da takalma na kanku ne, sannan yaro ƙasa da shekara 18 dole a san wanda zai zama waliyyinsa a can da inda zai zauna lokacin hutu kafin a sa hannu a kowace takarda.